Gwanako a Filin Tumaki: A Harbe, A Aske, A Killace, Ko A Bar Shi Ya Jawo Baƙi?

Mai gandun tumaki a kudancin Ajantina yakan wayi gari ya tarar da garken wasu dabbobi masu dogon wuya, bayansu ja-ja, cikinsu fari, sun tsallako waya suna kiwo a ciyawar da ya ajiye wa tumakinsa saboda hunturu. Gwanako ke nan. Dangin raƙumi ne, sai dai ba shi da tozo, kuma babba a cikinsu yakan kai kilo 100 ko ya ɗan haura. Daga jikinsa aka samo lama, dabbar da mutanen tsaunukan Andis suke ɗora wa kaya. Idan ka duba tafin ƙafarsa mai laushi da leɓensa na sama mai tsagu, ba sai an gaya maka ɗan gidan su wa ne ba.

Wannan rubutu don wanda ke tsaka mai wuya ne a kan irin wannan fili: tumaki suna ramewa, gwanako yana ƙaruwa, doka ta hana a taɓa shi sai da izini. Hanyoyi huɗu ne a gabansa, kuma an gwada kowacce a Ajantina ko Chile, an ga inda ta kai mutane.

Yadda aka zo nan

Kafin zuwan Turawa, masana sun ƙiyasta gwanako ya kai miliyan 30 zuwa 50 a Kudancin Amurka. Mutanen Tehuelche da Selk'nam da shi suka rayu: namansa abinci, fatarsa riga da tanti. A ƙarshen ƙarni na 19 aka shigo da tumaki Patagoniya, yankin kudancin Ajantina da Chile, aka kewaye ƙasa da waya, har yawansu ya kai kusan miliyan 22 a shekarun 1950. Ƙasar kuwa busasshiya ce, a wurare da dama ruwan shekara ba ya wuce milimita 200, kamar arewacin Nijar, sai dai can sanyi ne da iska a maimakon zafi. Ciyawa ta kasa ɗaukar wannan nauyi, ƙasa ta zaizaye. Gwanako kuma aka mai da shi abokin gaba: ana harbe manya, ana kashe jarirai, waɗanda ake kira chulengo, saboda fatarsu mai laushi, ana fitar da dubun dubata waje kowace shekara. Abin ya kai a 1993 hukumar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta nemi a dakatar da sayen kayan gwanako daga Ajantina.

Ƙiyasin da IUCN, ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, ta yi a 2016 ya sa yawansa tsakanin miliyan 1.5 da 2.2. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suna Ajantina, mafi yawan sauran suna Chile. A Peru 'yan dubbai ne suka rage, a Bolibiya 'yan ɗaruruwa, a Paraguwai ba su kai haka ba ma. To ka ga dabba ɗaya, a lardin Santa Kurus ana kukan ta yi yawa, a yankin Chako na Bolibiya da Paraguwai ana fargabar ƙarewarta. Tun daga nan wasu za su fita daga zaɓin: idan filinka yana arewa, inda garken bai taka kara ya karya ba, maganar harbi ko aski ba ta taso ba.

A kudu kuwa tumaki sun ragu ƙwarai bayan faɗuwar farashin ulu da tokar dutsen Hudson da ya yi aman wuta a 1991. An bar gandaye da yawa ba kowa, gwanako ya koma gidansa na dā.

Ma'aunin da za mu bi

Abu biyar nake dubawa. Na farko kuɗin shiga: me za ka kashe kafin ka ga ko sisi. Na biyu ɗorewa, ta fuska biyu: garken zai ɗore, kasuwar za ta ɗore? Na uku sauƙin aiki: mutum nawa, wace ƙwarewa, takardu nawa. Na huɗu haɗari, ga dabba da ga jari. Na biyar, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne abin da zaɓin zai yi wa ciyawa, domin ita ce asalin rigimar.

A kan wannan na biyar akwai abin da ya kamata a sani tun farko. Gwanako da tunkiya abincinsu kusan ɗaya ne, kuma babban gwanako yana cin abin da tunkiya ɗaya da rabi zuwa biyu za su ci. Don haka kukan makiyayi ba na banza ba ne. Amma gwanako yana yanke ciyawa ne da haƙora ba ya tumɓuke ta, ƙafarsa ba ta farfasa ƙasa kamar kofato, kuma namijin da ke da iyali yana tsare yankinsa ya kori wasu, abin da ke hana su cunkushewa wuri ɗaya. A San Pablo de Valdés, gandun da aka kwashe tumaki daga cikinsa a 2005 aka mai da shi wurin ajiyar namun daji, gwanako ya ƙaru sosai, ciyawar kuma ba ta lalace ba.

Na ɗaya: harbi bisa ƙayyadadden adadi don nama

Wannan ita ce hanyar da mafi yawan masu gandaye suka fi so, domin ita kaɗai ke rage bakunan da ke cin ciyawa. Chile ta daɗe tana ba da izinin haka a tsibirin Tiyera del Fuwego, inda ake kukan gwanako yana cinye tsiron itatuwan lenga. Ajantina ta yi gwaji a Santa Kurus a 2018, har aka fitar da nama zuwa Beljiyam, sannan a 2019 aka sabunta tsarin ƙasa na 2006 domin a buɗe ƙofar cinikin nama da fata tsakanin larduna da kuma waje.

Harsashi ba shi da tsada, shi ya sa mutane suke ɗauka hanyar mai arha ce. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Naman da za a sayar dole ya bi ta mayanka mai lasisi, likitan dabbobi ya duba shi, a ɗauke shi a motar sanyi. Gandu a Patagoniya yana iya zama ɗaruruwan kilomita daga mayanka mafi kusa, a kan hanyar tsakuwa. Ga kuma wata cuta da ake kira sarkosistis, mai barin ƙwayoyi farare kamar shinkafa a cikin tsoka. Idan suka yi yawa sai a ƙi naman bayan an riga an kashe kuɗin harbi da dako. Naman kansa ba shi da kitse, masu son irinsa suna yabawa, amma kasuwarsa ƙarama ce, gidajen abinci ne na 'yan yawon buɗe ido da wasu mahauta ƙalilan.

Haɗarin da ya fi damuna yana wajen ƙidaya. Macen gwanako tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya da rabi, ta haifi ɗa ɗaya. Ba akuya ba ce da za ta ba ka tagwaye. Idan aka yi kuskuren ƙidaya aka ware adadi mai yawa, sannan hunturu mai tsanani ya biyo baya da dusar ƙanƙara, garken zai yi shekaru bai farfaɗo ba. Sau da yawa kuma garken da ka gani a filinka a watan Yuli ba naka kaɗai ba ne, masu ƙaura ne da suka sauko daga tudu, waɗanda maƙwabcinka shi ma ya ƙirga a matsayin nasa. A watan Fabrairun 2024, a taron ƙasashen duniya da aka yi a birnin Samarkand na Uzbekistan, an sanya gwanako cikin jerin dabbobi masu ƙaura da ƙasashe za su haɗa kai wajen kiyayewa, kuma wannan shi ne dalili.

Na biyu: kamu, aski, saki

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da ta fi jan hankalina, kuma ita ce aka fi yi wa ƙarin gishiri.

A ƙarƙashin dogon gashin gwanako akwai wani lallausan ulu mai kaurin maikiron 14 zuwa 16 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Na bikuniya, ƙanwarsa ta kan tsauni, ya fi shi laushi kaɗan, yana wajen 12 zuwa 13. Ulun tumakin merino na yau da kullum ya fi su duka kauri. Kilo ɗaya na ulun gwanako ya ninka na tumaki sau da yawa a farashi.

Yadda ake yi ya samo asali daga chaku, tsohuwar dabarar mutanen Inka. Ana kafa shinge biyu masu tsawo da suke tsukewa kamar mazurari, su ƙare a wani ɗan keji mai rufi. Mahaya dawakai su jeru, su kora garken a hankali zuwa bakin shingen. Wanda ya shiga sai a rufe masa ido, a ɗaure ƙafafu, a aske shi da inji cikin 'yan mintoci, a sake shi. Yawanci ana yi wajen Satumba zuwa Oktoba, sanyi ya fara sauka, haihuwa ba ta zo ba.

Dabbar tana nan da ranta, baɗi ko baɗin baɗaɗa za a iya sake askinta. Ta fuskar ɗorewar garke, babu hanyar cin moriya da ta kai wannan. Amma ga lissafin da masu talla ba sa faɗa. Gwanako ɗaya yana ba da giram 300 zuwa 500 ne kacal, wato sai ka aske uku kafin ka cika kilo. Daga ciki kuma sai an tsince gashi mai kauri, nauyin ya sake raguwa. Kuɗin shinge, kejin kamu, dawakai, abincin ma'aikata, likitan dabbobi da jami'in gwamnati duk suna nan daram, ko ka kama 40 ko ka kama 400. Gwanako kuwa yana gudun da ya kusa kilomita 60 a awa, yana da wayo, kuma wanda aka taɓa korawa yakan gane shingen. Akwai ranar da za a yi kora tun safe, garken ya ɓalle ta gefe, a koma hannu rabbana.

Kasuwa ma ba ta da faɗi. Masu saye 'yan kaɗan ne, mafi yawan ulun yana ƙarewa a masaƙun Italiya, kuma mai sayar da ɗanyen ulu shi kaɗai ba shi da bakin ciniki. A farkon shekarun 2000 farashi ya yi kyau, masu gandaye da dama a lardin Riyo Negiro suka shiga; da ya faɗi, yawancinsu suka watse.

Waɗanda suka tsaya su ne abin koyi. A yankin La Payuniya na lardin Mendoza, wasu makiyayan awaki masu ƙaramin ƙarfi sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Payún Matrú a 2005. Suna askin gwanakon daji tare da masu bincike na CONICET, hukumar binciken kimiyya ta Ajantina, kuma ba su tsaya ga sayar da ɗanyen ulu ba: suna tsincewa, suna kaɗi, suna sayar da zare. Kuɗin yana cikin zaren. Ni dai a ganina duk wanda zai shiga aski ba tare da shirin sarrafa ulun ba, wahala zai yi wa ɗan kasuwa.

Haɗari ga dabba yana nan, kada a ɓoye. Kora da ɗauri suna firgita ta ƙwarai, tsoka tana iya lalacewa idan aka matsa, uwa tana iya rabuwa da ɗanta, kuma guguwar sanyi bayan aski tana kisa. Inda aka bi ƙa'ida, babu ihu, babu karnuka, ba a bar dabba ta daɗe a keji ba, mace-mace kaɗan ne. Tara dabbobi wuri ɗaya kuma yana buƙatar sa ido a kan ƙazuwa, cutar da ta kusa share gwanako da bikuniya a gandun dajin San Guillermo daga wajen 2014.

Abu na ƙarshe: aski ba ya rage ko baki ɗaya daga masu cin ciyawa. Abin da yake yi shi ne ya sa gwanako ya biya kuɗin ciyawar da ya ci. Idan filin ya riga ya yi nauyi, sai an rage tumaki.

Na uku: killacewa a gandu

An gwada, musamman a ƙarshen shekarun 1990. Ana kamo jarirai daga daji, a shayar da su da kwalba, a tsare su a shinge mai tsawon kusan mita 2, domin wayar tumaki wasa ce gare su. Shingen kaɗai ya isa ya cinye jari. Sai a jira shekaru kafin garken ya kai yawan da ulunsa zai biya ma'aikaci, ana ciyarwa, ana magani. Namijin da ya tashi a hannun mutum yakan daina tsoron mutum, ya riƙa cizo da bangaza. Yawancin waɗannan gandaye sun rufe. Ga kiyaye dabba kuma ba ta ƙara komai, tun da gwanakon da ke bayan shinge ba ya sa kowa ya ƙyale na daji. Wanda yake son dangin raƙumi mai ulu a gida, lama da alfaka suna nan, an horar da su tun dubban shekaru.

Na huɗu: rage tumaki, karɓar baƙi

Inda gwanako yake, nan fuma take, wato babbar kyanwar daji da ke farautarsa, kuma akwai mutanen da za su biya kuɗi mai yawa su ga wannan da idonsu. A kewayen gandun dajin Torres del Paine na Chile, wasu gandaye da a dā suke biyan maharba su kashe fuma yanzu suna karɓar kuɗi daga masu ɗaukar hoto. A kwarin Chacabuco, ƙungiyar Kristine Tompkins ta sayi wani babban gandu a 2004, ta kwashe tumaki, ta cire ɗaruruwan kilomita na waya, kuma a 2018 ya zama gandun daji na ƙasa. Monte León a gaɓar tekun Santa Kurus shi ma gandun tumaki ne a dā, kafin ya zama gandun daji na ƙasa a 2004.

Mutanen Nijar sun san irin wannan. Raƙuman dawa na Kure ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo. Sun ragu zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990, suka dawo suka haura 600, kuma 'yan jagora na ƙauyukan suna samun abin sawa a baka. Sun kuma san ɗaya fuskar: ranar da baƙi suka daina zuwa, kuɗin ya tsaya, dabba kuwa ba ta daina cin wake ba.

Haka abin yake a Patagoniya. Ga ciyawa da garke, wannan hanya ta fi kowacce. Amma tana son masauki, mota, ma'aikata masu jin harsunan baƙi, da wuri mai kyan gani kusa da hanyar da baƙi suka saba bi. Lokacin baƙin ma 'yan watanni ne, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Gandun da ke tsakiyar fili fetal, nesa da kwalta, ba zai ga kowa ba. Akwai kuma zafin da maƙwabta ke ji, cewa fuma tana hayayyafa a wurinka tana cin 'yan ragunansu; karnukan tsaron garke suna rage wannan asara, amma sai an horar da su an ciyar da su. Ba na raina wannan kuka, kuma ba na raina baƙin cikin ma'aikacin da ya tashi a kan doki a bayan tumaki aka ce masa aikin ya ƙare.

| Hanya | Kuɗin shiga | Ɗorewa | Sauƙin aiki | Babban haɗari | Ciyawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Harbi don nama | Matsakaici, dako da sanyi ke cin kuɗi | Ya dogara da ƙidaya ta gaskiya | Aikin fili da sauƙi, takardu da yawa | Wuce gona da iri, ƙin nama a mayanka | Tana samun sauƙi na ɗan lokaci |
| Kamu da aski | Mai yawa a farko | Garke yana ɗorewa, kasuwa tana rawa | Yana son mutane da ƙwarewa | Kora ta ɓaci, farashi ya faɗi | Babu canji sai an rage tumaki |
| Killacewa | Mafi tsada | Rauni | Aiki kullum | Jari ya nutse | Nauyi a wuri ɗaya |
| Karɓar baƙi | Mai yawa | Mai kyau inda wuri ya dace | Sabuwar sana'a ce | Baƙi su ɗauke ƙafa | Tana farfaɗowa |

Wa ya dace da wacce

Kafin komai, a yi ƙidaya ta haɗin gwiwa da maƙwabta, a auna ciyawa, a san nauyin da filin zai iya ɗauka na tumaki da gwanako a haɗe. A Ajantina namun daji suna ƙarƙashin ikon lardi ne, don haka abin da aka yarda da shi a Santa Kurus ba lallai a yarda da shi a Mendoza ba; ofishin lardi za ka fara zuwa.

Idan kana da babban gandu a kudu, ƙidaya ta shekaru a jere ta nuna garken yana da yawa kuma mazauni ne, akwai mayanka da za ka iya kaiwa a rana ɗaya, harbi bisa adadi zai iya yi maka. Ka ɗauke shi a matsayin ƙarin kuɗin shiga, kada ka sa ran zai dawo maka da ciyawar da shekara ɗari na tumaki suka cinye.

Idan ku makiyaya ne masu ƙaramin ƙarfi, kuna da dawakai da hannaye amma ba ku da jari, kuma gwanako yana taruwa da yawa a yankinku a wani lokaci na shekara, ku haɗa kai ku yi aski, ku nemi masu bincike su tsaya muku, ku sa injin tsincewa da na kaɗi a cikin lissafi tun ranar farko. Mai babban gandu ma zai iya, in ya samu mai saye kafin ya kafa shinge.

Idan filinka yana kusa da gandun daji ko hanyar baƙi, kuma ulun tumaki ya daina biyan kuɗin ma'aikata, ka rage garke ka gwada baƙi da ɗaki biyu ko uku kafin ka gina masauki.

Killacewa ba zan ba kowa shawararta ba, sai cibiyar bincike.

Wanda kuma ba ya cikin ko ɗaya, gwanakonsa kaɗan ne, tumaki kawai yake so ya ci gaba da kiwo, akwai aikin da zai yi da ɗan kuɗi. Matasan gwanako da yawa suna mutuwa ne a rataye a kan waya, ƙafar baya ta maƙale tsakanin layi na sama da mai bi masa lokacin tsallake. Cire layin sama a wuraren da suka saba ƙetarawa, ko sauke shi ƙasa kaɗan, yana rage wannan mutuwa, tumaki kuma ba za su fita ba.